Buroshi ko kulohekzidin: tsaftar baki kafin tiyatar zuciya da bayanta

Nas, ICU, wato sashen kulawa ta musamman (Garki): Assalamu alaikum. Manyanmu da ke wannan zaure, ina neman haske. Ana rubuta tsarin kula da bakin marasa lafiyar da za a yi wa tiyatar zuciya, sai takardu biyu suka saɓa wa juna. Ƙa'idar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta 2003 ta ce a riƙa kurkure wa manya baki da kulohekzidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 0.12 cikin ɗari kafin tiyatar zuciya da bayanta. Ita kuwa ƙa'idar SHEA, ƙungiyar masana hana yaɗuwar cuta a asibitoci ta Amurka, ta 2022 ta fitar da shi daga cikin abubuwan da ake yi wa mai bentileta (injin numfashi) kullum, ta ce a goge haƙora da buroshi. Wacce za a bi?

Likitan sa barci: Wa alaikumus salam, Sista. Kowacce da mutanen da take magana a kansu. Bari in fara da yadda ciwon yake shiga, don daga nan ne komai ya taso.

Nimoniya, wato ciwon huhu, ta bayan tiyata galibi daga bakin mara lafiya take sauka. Da an sa masa bututun numfashi, baki ya zauna a buɗe, yawu ya ragu, tari ya tsaya, haɗiya ta tsaya. Cikin kwana biyu ƙwayoyin cutar asibiti irin su Kilebsiyela, Sudomonas, Asinetobakta da Stafilokokos sun fara zama a kan haƙora da bayan harshe. Yawun da ke ɗauke da su yana taruwa a saman balan-balan ɗin bututun, wanda ake hurawa ya toshe gefen maƙogwaro, yana zurara ta lanƙwasar jikinsa kaɗan-kaɗan zuwa huhu. Shi kuma huhun mai tiyatar zuciya a raunane yake: ya yi awanni a kwance yayin da injin zuciya da huhu ke aiki, ƙasansa ya manne, ga ƙashin ƙirji da aka tsaga wanda ke hana shi tari.

Shaidar kulohekzidin a wajen waɗannan mutanen tana da ƙarfi. DeRiso da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Chest a 1996: marasa lafiya 353, ciwon hanyar numfashi ya ragu da kashi 69 cikin ɗari. Segers ya maimaita a Amstadam, aka buga a mujallar JAMA a 2006, mutum 954. Ciwon da ake kamuwa da shi a asibiti ya kama kashi 19.8 na waɗanda aka ba maganin a baki da hanci, ya kama kashi 26.2 na waɗanda aka ba na bogi. Amma ki lura, mafi yawan masu tiyatar zuciya ana cire musu bututu kafin awa 24. Da wani mai bincike, Klompas, ya haɗa binciken duka a 2014, amfanin ya fito sarai a wajen masu tiyatar zuciya, bai fito sarai ba a wajen sauran masu daɗewa a kan bentileta, har ma aka ga alamar ƙaruwar mace-mace a cikinsu. Wannan alamar ce ta sa aka ja da baya a 2022.

A taƙaice: mai tiyatar zuciya, a ba shi na ɗan gajeren lokaci. Wanda ya yi sati a kan bentileta, lissafinsa daban.

Matron: Dakta, bayaninka ya fita, amma ina tsoron yadda za a karanta shi a bakin gado. Da zarar an rubuta “kulohekzidin sau huɗu” a takarda, abin da zai faru shi ne a tsoma auduga a kofi, a zagaya baki sau ɗaya, a sa hannu an yi. Buroshi ba zai fito daga durowa ba. Ni a wajena layin farko na tsarin buroshi ne, maganin ya zo a layi na biyu.

Likitar haƙora (Wuse): Ina bayan Matron. Dauɗar da ke manne a gindin haƙori ba yawo take a cikin yawu ba. Ƙwayoyin cutar suna gina wa kansu wani danƙo da suke ɓuya a ciki, magani yana kashe na sama ne, na ƙasa suna nan. Kamar tukunyar da ta yi ƙanzo ce, ko ka cika ta da ruwan sabulu sai ka kankare. Ehrenzeller da Klompas sun haɗa gwaje-gwaje 15 a ƙarshen 2023, suka ga goge haƙora kullum yana rage nimoniyar asibiti da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma mace-mace a ICU sun ragu. Sau biyu a rana ya yi daidai da sau uku ko huɗu a sakamakonsu.

Abin da ya fi damuna shi ne a nan Abuja ana turo mana mara lafiya saura kwana biyu a shiga da shi, ko kuma biza ta fito jirgin Indiya jibi. A wannan lokacin babu abin da za mu iya yi na kirki. Ranar da aka yanke shawarar tiyata, ranar ya kamata a rubuta masa takardar zuwa wajen likitan haƙora. Babban Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada duk suna da sashen haƙora. Abin da muke dubawa: kantsa, dasashi mai zubar da jini, haƙorin da ya ruɓe har jijiya, guntun saiwa da ta rage, haƙori mai girgiɗi wanda zai iya ɓallewa lokacin sa bututu, da hoton haƙora don ganin ƙurjin da ke ɓoye a ƙarƙashin saiwa. Idan za a cire haƙori, ana so a samu kwana 10 zuwa 14 ramin ya warke kafin tiyata.

Likitan zuciya: Hajiya, a kan wankin haƙora da cire kantsa ba ni da ja. A kan cirewa ina so a yi hattara. Yawancin waɗanda muke turawa tiyatar bawul ɗin zuciya matasa ne da ciwon makogwaro na yarinta ya lalata musu bawul, wasu zuciyar ta riga ta gaza, suna kan wafarin, maganin hana jini daskarewa, saboda bugun da ba ya tafiya daidai. Mayo Clinic ta wallafa a 2014 cewa cikin mutum 205 da aka cire wa haƙori kafin tiyatar zuciya, kashi 8 cikin ɗari sun gamu da babbar matsala, kashi 3 sun rasu kafin a kai ga tiyatar. Ba kowane haƙori mai rami ne za a tumɓuke ba. Mai mugunya, mai ƙurji, mai girgiɗi sosai, e. Sauran su jira. Kuma tiyatar gaggawa ba ta jiran haƙori.

Likitar haƙora: Mun daidaita a kan haka, Dakta. Sharaɗina dai likitan zuciya ya rubuto mana INR na kwanan nan, wato gwajin da ke nuna yadda wafarin ya tsinka jini, da magungunan da mara lafiya yake sha. Cire haƙori ɗaya ko biyu ba ya buƙatar dakatar da wafarin idan INR bai kai 4 ba kuma an auna shi cikin awa 24. A ɗinke ramin, a cusa abin tsayar da jini, a ciza gozi minti 30. Dakatar da wafarin da mara lafiya ke yi da kansa don zai je cire haƙori ya fi jinin haɗari.

Famasis (Kubwa): Kafin ku wuce, a rubuta sunan maganin da ƙarfinsa da baro-baro, domin kulohekzidin kala-kala ne a kan kanta ɗaya. Na baki a kasuwarmu galibi mai kashi 0.2 ne, irin su Corsodyl. Akwai mai kashi 4 na wanke hannu da fata, irin su Hibiscrub, da sabulu a cikinsa. Akwai Savlon da ire-irensa, waɗanda aka haɗa da setirimaid. Akwai kuma mai kashi 7.1 na cibiyar jarirai. Duk waɗannan ukun ba sa shiga baki, ko an sirka su. Suna ƙona fatar baki, kuma idan suka sauka huhu suna yi masa illa.

Idan likita ya rubuta 0.12 kuma 0.2 kawai ake da shi, mililita 6 na maganin da mililita 4 na ruwan allura suna ba da mililita 10 mai ƙarfin 0.12. A haɗa na lokaci ɗaya a yi amfani da shi nan take. Kada a sirka kwalba guda a ajiye a kan tire tana zagaya gado-gado. An sha samun ɓarkewar ciwo a asibitocin duniya daga gurɓataccen ruwan kurkure baki, musamman da ƙwayar Bakholdariya, wadda take iya rayuwa a cikin maganin da aka sirka. Kowane mara lafiya da kwalbarsa, da sunansa da ranar buɗewa a jiki, da lambar NAFDAC. A nemi marar barasa, don mai barasa yana ƙara busar da baki yana zafi a kan miki.

Sai maganar makilin. Yawancin man goge baki yana da sinadarin kumfa da ke kashe ƙarfin kulohekzidin. A bar aƙalla minti 30 tsakaninsu, in ya samu fiye da haka ya fi. Nistatin na farin baki ma ba a haɗa su lokaci ɗaya.

Nas, ICU: Na gode, Malam. To kafin tiyata yaya jadawalin zai kasance?

Likitan sa barci: Daga ranar kwanciya. Buroshi da makilin mai fuloraid safe da dare, minti biyu, har da harshe. Kulohekzidin mililita 10 zuwa 15, a kurkure daƙiƙa 30, a tofar, kada a bi da ruwa, kada a ci komai sai bayan rabin awa. A binciken Segers sau huɗu a rana aka yi, a na DeRiso sau biyu. Kowanne kuka zaɓa, kada a rasa na daren jajibiri da na safiyar tiyata. Wannan na safiyar ne aka fi rasawa, don an gaya wa mara lafiya “kada ka sa komai a baki” shi kuma ya ɗauka har da goge haƙora. A faɗa masa dalla-dalla: abinci ya tsaya awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla awa 2, amma goge baki da tofarwa dole ne. A tambaye shi ko maganin ya taɓa sa shi ƙaiƙayi ko kumburi, domin wasu jikinsu ba ya karɓarsa, har numfashi ya sarƙe. Mai shan sigari ko shisha ya daina aƙalla sati 4 kafin ranar. Wanda aka samu Stafilokokos a hancinsa, man mupirosin na kwana 5, wannan don ciwon ƙashin ƙirji ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2016.

Matron: Ga na mai bututu, yadda ya kamata a koya wa kowace sabuwar nas. Mutum biyu ne idan da hali, ɗaya ta riƙe bututu.

A wanke hannu, a sa safar hannu da takunkumi da abin kare ido. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45 idan hawan jininsa ya daidaita. Mai balan-balan ɗin taimakon zuciya ta cinya kada a wuce 30. Kafin digon ruwa ya shiga bakinsa, a auna iskar balan-balan ɗin bututu da ma’auni, ta kasance tsakanin 20 da 30. Ƙasa da 20 ruwan wankin zai zarce huhu, sai ya zama ke kika kai masa ciwon. Sama da 30 jinin da ke isa bangon maƙogwaro zai ragu. Matsa ɗan ƙwallon waje da yatsa ba aunawa ba ne, yatsa ba ya bambance 25 da 50.

A duba lambar da ke nuna zurfin bututu a daidai haƙora a rubuta, galibi 21 ga mace, 23 ga namiji. A zuƙe abin da ya taru a baki da bayan maƙogwaro tukuna. Idan bututun yana da ƙaramar hanya ta zuƙe abin da ke saman balan-balan, a zuƙe ta. A haska baki da tocila, a duba miki, farin baki, jini, da inda bututu ke danne leɓe. Sannan buroshin yara mai laushi, makilin kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka, don kumfa mai yawa wahalar kwashewa take. A karkata buroshin zuwa gindin haƙori, waje, ciki, saman turame, ganɗa, harshe daga baya zuwa gaba. Ana gogewa ana zuƙewa. A wanke da ruwan allura a sirinji, mililita 5 zuwa 10 a lokaci guda, bakin sakshon, abin zuƙewa, na kwashewa nan take. Ruwan famfo da na tanki ba na bakin mai bututu ba ne, Sudomonas na son su.

Bayan tazarar da Malam ya faɗa, a shafa kulohekzidin da auduga a haƙora, dasashi, cikin kumatu da harshe. Shafawa, ba kwarara ba. A zuƙe ragowar. Bututu ya koma ɗaya gefen bakin sau ɗaya a rana, a sake ɗaurewa, a sake duba lamba da iska. A shafa man leɓe mai ruwa-ruwa. Tsakanin gogewa biyu, a jiƙa baki duk awa 2 zuwa 4. Lokacin hunturu ga na’urar sanyaya ɗaki, harshe kan tsage cikin dare ɗaya. Audugar lemun tsami da gilisirin a bar ta, daɗa busarwa take. Soso mai sanda a ja kansa a gwada kafin a sa, kuma kada a bar shi jiƙe a kofi, yana cirewa ya faɗa maƙogwaro.

Idan wuta ta ɗauke kuma janareto bai tashi ba, kuma babu sakshon na ƙafa a kusa, a dakata. Ba a zuba ruwa a bakin da ba za a iya zuƙewa ba.

Ɗalibin jinya (Gwagwalada): Ranki ya daɗe, wanda ya fito daga tiyata an cika shi da heparin mai hana jini daskarewa, ƙwayoyin daskarar da jininsa sun ragu. Buroshi ba zai jawo zubar jini ba?

Matron: Tambaya ce mai kyau, ɗana. A awannin farko, yayin da bututun ƙirji ke fitar da jini sosai, a tsaya ga zuƙewa da shafawa a hankali. Da jinin ya lafa a koma buroshi mai laushi. Idan ƙwayoyin sun yi ƙasa da 50,000 ko jini na tsattsafowa ba a taɓa ba, a tambayi likita, a yi da gozi a jiƙe.

Likitar haƙora: In ƙara a kan na Matron. Ɗan jan da ake gani a buroshi yawanci kumburin dasashi ne, kuma barin gogewa ne ke ƙara shi. Kwana uku ba gogewa, dasashin zai fi zubar da jini, ƙwayoyin cuta su fi samun hanyar shiga jini, ga sabon bawul yana jiransu. Haƙoran roba a cire su, a goge su daban, kada a kwana da su.

Likitan zuciya: Ina so mu koma kan tambayar farko, don ban ga an ce yaushe za a tsayar da maganin ba. Wanda tiyatarsa ta rikice ya kwana biyar a kan bentileta, har yanzu “mai tiyatar zuciya” ne a takarda.

Likitan sa barci: A ganina daga awa 48 ya koma cikin rukunin da shaidar ba ta goyi baya ba. A ICU shida na Toronto a Kanada an janye kulohekzidin aka maye shi da gogewa da jiƙawa da zuƙewa, aka wallafa a 2021. Mace-mace ba su canza ba, ciwon bentileta bai ƙaru ba, bakunan marasa lafiya sun fi lafiya. Don haka zan rubuta: a tsayar idan an cire bututu ya fara ci, ko a awa 48, duk wanda ya riga, sai in likita ya sabunta da dalili.

Matron: Ni ban gamsu da awa 48 ɗin ba, Dakta. Toronto suna da buroshi mai haɗe da sakshon da nas ɗaya ga mara lafiya ɗaya. Inda nas ɗaya ke riƙe da gado uku cikin dare, idan ka janye maganin, ina tabbacin gogewar za ta tsaya a madadinsa?

Likitan sa barci: Idan gogewar ba ta samu ba, maganin ba zai cike gurbinta ba, Matron, ke kika faɗa da farko. Amma na yarda a bar wa kowane sashe ya duba ƙarfinsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne umarnin da ba shi da ranar ƙarewa, ko ƙara ƙarfin maganin zuwa kashi 2, wanda ke saɓule fatar baki.

Fisiyo (Nyanya): Kada a manta da bayan cire bututu, don nan ma ana kamuwa. Bututun numfashi da na’urar hoton zuciya da ake zurawa ta maƙoshi suna barin haɗiya a raunane, musamman ga tsofaffi da wanda ya wuce kwana biyu. Kafin kunu ko shayi, a zaunar da shi sosai, a goge baki, a gwada cokali ɗaya na ruwa sau uku. Idan ya ƙware, ya yi tari, ko muryarsa ta zama kamar mai ruwa a wuya, a dakata a kira likita. A gaya wa ’yan uwa da kakkausar murya kada su ba shi ruwa yana kwance, ko na zamzam ne ko rubutu, sai an gwada. Wanda bai tsallake gwajin ba ya bar kurkurar baki a alwala, ya shafa da jiƙaƙƙen yatsa, in ruwan ma ba zai yiwu ba ya yi taimama. Sai na’urar jan numfashi sau 10 duk awa in yana farke, tari yana rungume da matashi a ƙirji, da sauka kan kujera washegarin tiyata idan likita ya amince. Maganin ciwo ya riga tari, wanda ke jin zafi ba zai yi tarin kirki ba.

Ɗalibin jinya: Asuwaki fa? Dattawa da yawa ba sa son buroshi.

Likitar haƙora: Ga mai farke da ke iya yi da kansa, asuwaki yana cire dauɗa idan an iya shi, kada a hana shi. Sabo mai laushi, a yanke bakin kullum, a wanke a bar shi ya bushe a fili, ba a cikin aljihu ko leda ba. Ba ya kaiwa bayan turame sosai, don haka da dare a roƙe shi ya yi buroshi. Mai bututu ko wanda bai gama farfaɗowa ba kuwa ba a sa masa, zarensa na karyewa. Goro a dakata da shi: garinsa na maƙalewa a gindin haƙori, yana ƙara bugun zuciya, kuma shi da shayi suna daɗa baƙin da kulohekzidin ke bari a haƙora. Baƙin yana fita da wanki a asibiti, a faɗa wa mara lafiya tun farko don kada ya tsorata, haka ma canjin ɗanɗano.

Famasis: Ɗaya ta ƙarshe daga wajena, don ta shafi rai. Bayan maganin kashe ƙwayoyin cuta, farin baki yakan fito. Kada a ba mai shan wafarin man mikonazol na baki. Yana hana jiki narkar da wafarin, INR ya haura, jini ya ɓalle. Fulukonazol ma haka, sai da sa ido a kan INR. Nistatin ya fi sauƙi a nan. A rubuta wannan a takardar sallama, don da yawa kemis ɗin unguwa za su nufa.

Likitan zuciya: A ƙara a takardar sallamar: mai bawul na ƙarfe ko na nama ya gaya wa duk likitan haƙoran da zai taɓa shi. Kafin aikin da zai taɓa dasashi, amoksisilin giram 2 minti 30 zuwa 60 kafin a fara, in jikinsa na karɓarsa. Duba haƙora duk wata 6. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ba a ɗauke shi maleriya a sha magani a kwanta ba, a zo a ɗebi jini kafin a fara kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Nas, ICU: Allah ya saka da alheri. Zan raba takardar gida uku, na kafin tiyata, na mai bututu, da na bayan cirewa, in sa gurbin rubuta iskar balan-balan da lambar bututu kusa da na gogewa. Matron, layin awa 48 zan bar shi a buɗe sai kun zauna da Dakta.

Matron: Ki bar shi. Amma ki sa buroshin yara biyu da makilin a jerin kayan da ’yan uwa za su kawo ranar kwanciya, a saman jerin, kafin bokiti da filas.